Ruwan da Ya Zo Ba Hadari

Har yau ba na son teku. A filin jirgin sama na Doha nake gadi, inda ruwan ya kusa kewaye mu ta ko'ina, amma ko a motar kamfani da ke kwaso mu daga Wakra, idan ta zo inda ake hango shi, kaina nake juyarwa. Abokan aiki sun ɗauka tsoro ne. Ba tsoro ba ne, haushi ne, kuma na san ranar da na ɗauko shi.

Mu uku muka yi tafiyar. Ni Bakano, da wani Bazazzagi mai gadin bene a Bin Mahmud wanda ba ya iya ganina bai tsokane ni ba, sai dattijon da duk muke kira Baba. Baba Bakatsine ne, direban wani gidan Larabawa, ya haura shekara goma yana tuƙa maigidan. Kafin ya zo ƙasar nan tifa yake ja a gida, yana shiga cikin kogi da rani yana ɗebo wa magina yashi. Da mu huɗu za mu je, don akwai wani abokinmu ɗan Gana da ya yi alkawarin zuwa, amma da safen aka kira shi ya maye gurbin wani a wurin aiki. Shi kaɗai ne a cikinmu ya tashi a bakin teku, kuma shi ne bai je ba.

Baba yana da ɗa a gida, saurayi ne da ya isa aure, ya koyi tuƙi a hannun wani tsohon abokin uban. Maigidan Baba, wani tsoho mai ciwon ƙafa da ba ya yarda kowa ya tuƙa shi sai Baba, ya yi alkawarin zai ɗauko yaron ya zama direban matan gidan. Magana ta yi nisa. An yi fasfo, an yi gwajin asibiti, biza kawai ake jira. Yaron ya bar garejin da yake ɗan samun na abinci, har mutanen unguwa sun fara ba shi saƙo. Duk hirar da za ka fara da Baba, ko ta ƙwallo ce, sai ta ƙare a kan yaron nan: inda zai shimfiɗa masa katifa a ɗakinsa, da hanyoyin da zai fara koya masa, da yadda ake gaida tsofaffin Larabawa. Shirinsa shi ne idan yaron ya kama aiki sosai, shi ya tattara ya koma gida, don bayansa ya fara ba shi wahala.

A lokacin an tafi da maigidan Turai a duba ƙafarsa, iyali duk sun bi shi, sai babban ɗansa da ke zuwa yana komawa saboda harkokinsa. An bar wa Baba makullin babbar motar tsohon, fara sol, irin mai hawa rairayi, aka ce ya riƙa tayar da ita yana ɗan zagawa kada batir ya mutu. Ba wanda ya faɗa masa iyakar zagayen. Shi da bakinsa ya kawo maganar fita. Ya ce shekarun nan duka hanyarsa ba ta wuce masallaci da asibiti da majalisar abokan maigida ba, bai taɓa tsoma ƙafarsa a teku ba, kuma yana so ya ɗauki hoto a bakin ruwa ya aika wa yaron ya ga inda zai zo. Ni ma ban taɓa ba. Tekun da muka sani shi ne na bakin titi a tsakiyar Doha, wanda aka yi wa bango, kullum ka wuce yana nan inda ka bar shi.

Ranar Juma'a ce, zafi ya fara sauƙi. Baba ya ɗauko Bazazzagin a Bin Mahmud, suka biyo ta Wakra suka ɗauke ni. Na shigo da tukunyar shinkafa da kaza da na dafa tun da safe, Bazazzagin ya leƙa ya ce ai ya san Bakano ba zai fita ba haja ba, ya tambaye ni ko Larabawan bakin ruwa zan sayar wa. Na ce masa ya yi shiru ya ci arziki, don rabonsa da nama tun da ya baro gida. Baba yana dariya yana tuƙi a hankali, hannu biyu a kan sitiyari. Ya shimfiɗa tsofaffin zannuwa a kan kujeru kada mu ɓata su, ya kuma hana mu buɗe tukunyar a cikin mota.

Mun tsaya a tashar jiragen kamun kifi ta Wakra don mu kalla kafin salla. Ƙarnin kifi ya cika wurin. Can gefe wasu ƙananan jiragen ruwa suna kwance a kan laka, sun karkace, igiyoyinsu sun yi sako-sako, ruwan yana nesa da su. Bazazzagin ya tambaya me ya sa aka bar jirage a ƙasa. Baba ya duba da idon wanda ya san ruwa, ya ce ai rani ne, ba a yi ruwan sama ba tun bara, dole teku ya ja baya. A wajensu ma haka kogi yake yi, sai damina ta faɗi yake cikowa. Maganar ta shige mu, don mu ma haka muka san ruwa. Masaukinmu yana can bayan gari ta wajen hamada, ban cika zuwa tashar ba balle in lura da wani abu daban. Muka yi Juma'a a wani masallaci da ke kusa, muka kama hanyar kudu.

Hanyar ba ta da wani kyau. Fili ne fari fat, ba bishiya ba tsuntsu, sai turakun wuta da manyan motoci. Da muka kusa Misa'id sai ga masana'antu jere a bakin ruwa, da dogayen bututu masu ci da wuta da rana tsaka. Bazazzagin ya ce ga irin wutar da ake tanadar wa 'yan kasuwar Kano masu tauye mudu. Daga can kwalta ta ƙare. Akwai masu raƙuma da aka yi wa ado suna jiran baƙi, da samari suna ta rugu-rugu a kan babura masu ƙafa huɗu. Baba ya sauka ya rage iskar tayoyi kamar yadda ya ga kowa yana yi, yana durƙusawa da ƙyar saboda bayansa, bai yarda ɗayanmu ya taɓa ba.

Daga nan ne na ga abin da ya ba ni mamaki, ba zan ɓoye ba. Tuddan rairayi ne manya-manya, sun fi benen da Bazazzagin ke gadi tsawo, suna gangarowa har su faɗa cikin ruwa. Ruwan kore ne a kusa, shuɗi a nesa. Amma ko'ina ka duba ƙasa akwai robobin ruwa da toka da ƙasusuwan abin da wasu suka gasa suka tafi. Baba ba ya son hayaniyar samarin, yana tsoron kada wani ya goge masa mota, sai ya yi ta bin gefen ruwa yana ƙara nisa har muka daina jin ƙarar injinansu.

Muka iso wani wuri da tudun rairayi ya ja baya, ya bar fili shimfiɗaɗɗe mai danshi, launin toka, sumul kamar daɓen ɗaki. Ruwan yana can nesa, da ƙyar ake hango bakinsa. Baba ya tsaya a kan busasshen rairayi, ya sauka ya taka filin, ya buga shi da diddige, ya tona da yatsa. Ya ce busasshen rairayi shi ke cin mota; direban da ya san aikinsa a kan yashi mai danshi yake ajiye ta, don shi ne mai ƙarfi. Sannan ya yi abin da ba zan manta ba. Ya sa hannu a goshi ya dubi gabas, ya dubi kudu, ya juya ya dubi yamma da arewa, a hankali, har ya zagaye. Ya ce a cikin kogi ba saman kanka kaɗai kake dubawa ba, don ruwa kan sauka a wani gari mai nisa ya taho maka da ambaliya kana tsaka da lodi. Ya taɓa ganin tifar da ruwa ya tafi da ita a haka. Sama tana nan tas, ko gajimare ɗaya babu.

"Babu hadari ko'ina," in ji shi. "Mu shiga."

Ya gangara da motar cikin filin, ya yi nisa sosai don ta fito da kyau a hoto, ya juya ta yadda ruwa zai kasance a bayanta. Ya gyara hularsa ya jingina da ƙofa, na ɗauke shi. Ya ce in sake, bai yi murmushi ba. Na sake. Nan take ya aika wa yaron, bai jima ba amsa ta zo, muryar yaron tana rawa don murna, yana cewa Allah ya nuna masa ranar da zai tsaya a wurin nan. Baba ya saurara ya sake saurara, sannan ya sa wayar a aljihu.

Muka cire takalma muka taka zuwa bakin ruwa. Tafiya ce mai ɗan nisa, ƙasan duk gurbi-gurbi, da ƙananan ƙaguwa suna gudu suna shigewa rami. Ruwan da muka tarar bai kai idon sawu ba, ɗumi gare shi kamar na wanka. Baba ya ɗiba ya ɗanɗana ya tofar, ya ce ruwan da ba ya kashe ƙishi ba ya shayar da gona, bai ga amfanin yawansa ba. Bazazzagin ya watsa mini, na bi shi da gudu, muka koma yara na ɗan lokaci. Da yunwa ta kama mu sai muka ɗauki tukunya da tabarmi biyu daga mota muka hau kan tudun rairayin, inda iska ke kaɗawa, muka gangara kaɗan ta bayansa don rairayi ya daina shigar mana abinci. Daga inda muka zauna ba a ganin motar.

Mun ci, mun sha shayi, Baba ya ba mu labarin zamanin tifa. La'asar ta yi, muka yi alwala da ruwan roba, ya ja mu salla. Bayan sallama ya daɗe yana addu'a, na san kuma wa yake yi wa. Bazazzagin ne ya fara tashi, ya hau saman tudun don ya kakkaɓe tabarma. Na ga ya tsaya cak. Bai yi ihu ba, bai kuma yi wasa ba, cewa kawai ya yi, "Baba, zo ka gani."

Filin nan babu shi. Ruwa ne shimfiɗe tun daga inda muka yi wasa har kusan gindin tudun, kwance lumui, ba igiya ba ƙara, motar tana tsaye a tsakiyarsa ya kai mata rabin taya. Na ɗaga kai na dubi sama, haka shi ma Baba. Tana nan tas yadda muka bar ta.

Ban taɓa ganin dattijo ya yi gudu irin na ranar ba. Ya gangara tudun yana faɗuwa yana tashi, ya faɗa ruwan da rigarsa ta Juma'a. Kafin mu iso ya tayar da motar. Ta motsa kamar taku biyu, sai tayoyin baya suka fasa ɓawon yashin. Ashe ƙarfin nan da ya gwada da diddige na sama ne kawai, ƙarƙashinsa baƙar laka ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya sa giyar baya, ya sa ta gaba, ya yi duk dabarar da ya sani, kowace dabara tana ƙara zaunar da motar. Muka durƙusa cikin ruwa muna tono da hannu, da murfin tukunya, da faranti. Duk abin da muka kwashe ruwa ya mayar. Muka cusa tabarma a ƙarƙashin taya, ta haɗiye. Muka cusa zannuwan kujeru, ta haɗiye. Baba ya ɗauko dardumarsa, wadda maigidan ya kawo masa tsaraba daga Makka, ya riƙe ta jim kaɗan, sannan ya durƙusa ya tura ta da hannunsa. Tayar ta juya ta yi watsi da ita baƙa ƙirin.

Ruwan bai yi gaggawa ba, wannan ne abin da ya fi ba ni haushi. Da ambaliya ce irin ta gida, mai ruri da kumfa da itatuwa, da mutum ya san da abin da yake faɗa. Wannan kuwa hawa kawai yake yi a hankali, ka sa ido a kan taya ka ga bai motsa ba, ka juya ka dawo ka ga ya rufe ta. Na zage shi, na zagi ƙasar, na zagi ranar da na shiga jirgi na zo. Bazazzagin ya hau tudu yana kaɗa rigarsa ko wani zai gani.

Wasu samarin Larabawa biyu suka hango shi suka zo da motarsu. Ba su yi mana dariya ba, wannan zan faɗa a kansu. Suka tsaya a kan busasshen wuri, suka haɗa igiyoyi biyu don su kai, ɗaya ya shigo ruwan da kansa ya ɗaura. Aka ce yalla, wato a ja, motarsu ta yi ƙara tana tono rairayi, tamu ta ɗan girgiza, igiyar ta tsinke ta dawo ta fasa fitilar baya. Aka ƙulla aka sake, ta sake tsinkewa. Sai babban cikinsu ya yarfe hannu ya ce khalas, wato shi ke nan, sai gobe idan ruwa ya koma a kawo babbar mota mai ƙugiya.

Baba yana jin Larabci fiye da mu. Ya tambaye shi wane wata ruwan ke komawa. Saurayin ya dube shi bai gane ba, sannan ya yi masa bayani da baki da hannu cewa ba maganar wata ba ce: ruwan nan kullum yana tafiya yana dawowa, kafin gari ya waye zai janye, gobe kuma ya sake zuwa, ko an yi ruwan sama ko ba a yi ba. Ko yaran garin sun san haka. Baba ya juyo ya dube ni, fuskarsa duk laka.

"Kullum?" ya ce. "Ba hadari, ba komai?"

Ya juya ya koma cikin ruwan, wanda yanzu ya kai masa cinya, ya buɗe ƙofar direba ya shiga ya zauna ya rufe. Na ɗauka wani abu zai ɗauko. Da na ga shiru na bi shi. Injin ya riga ya mutu, ruwa ya shigo ya rufe masa ƙafafu, yana zaune hannu biyu a kan sitiyari kamar yana jiran danja ta ba shi hannu. Na ce ya fito, ya ce amana aka ba shi, ba zai tsaya a kan tudu yana kallo ba. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, bai ko dube ni ba. Nan raina ya ɓaci, na manta da furfurarsa, na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce idan ya mutu a cikin motar Balarabe, wa zai je Katsina ya yi wa yaron bayani, ni ko wannan Bazazzagin? Sai a lokacin ya saki sitiyarin.

Bai fito hannu sake ba. Ya miƙa baya ya jawo 'yar kujerar naɗewa da maigidan ke zama a kai ya yi salla, da sandarsa, ya ɗora su a ka, muka riƙe shi ta kowane gefe muka fito. Muka zauna a kan tudun muna rawar sanyi, rana tana faɗuwa, ruwan ya kai gilashi ya tsaya nan. Samarin suka jira mu har muka yi magariba.

Kafin mu shiga motarsu Bazazzagin ya ja Baba gefe, ya fara cewa ko za a ce aike ne ya kawo shi wajen, ko a ce wani abu. Baba ya girgiza kai. Ya ciro wayarsa, wadda Allah ya sa ya bari a kan tabarmar da ta rage, ya kira babban ɗan maigidan ya faɗa masa komai da bakinsa, har da cewa mu biyu ya ɗauko. Ina kusa, ina ji. Sannan aka tambayi inda motar take, aka kashe.

Washegari aka ciro ta. Ruwan gishiri ya gama da injin da wayoyinta, ba ta sake tashi ba. Mun yi ta jiran masifa, ko 'yan sanda, ko a ce ya biya, ba ko ɗaya da ya zo. Da an yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Ɗan maigidan ya karɓi sauran makullan gidan ba tare da ya ɗaga murya ba, ya ce Baba ya huta. Aka kawo wani direba. Baba ya koma share tsakar gida da ba shukoki ruwa, ba wanda ya sa shi, don dai kada ya zauna. Tsohon da zai iya sa baki yana can a gadon asibiti, an ce jikin ya tsananta, ba a kai masa irin wannan magana.

Maganar biza kuwa ba wanda ya sake tayar da ita. Na yi ta matsa wa Baba ya tambaya ko sau ɗaya, ya ce da wane ido zai kalli mutumin da ya kashe wa motar uba ya ce a ɗauko masa ɗa ya riƙe sitiyari. Yaron kuma bai san komai ba. Duk Juma'a sai ya kira, Baba ya fita waje ya amsa, in ji yana cewa ana nan ana ƙoƙari, a ƙara haƙuri. Hoton nan da na ɗauka shi yaron ya sa a fuskar wayarsa, duk saƙon da ya aiko sai ka ga Baba jingine da farar mota, teku a bayansa. Abokinmu ɗan Gana da ya ga hoton ya riƙe kai, ya ce ko daga launin ƙasan ya kamata a gane. Na ce masa ya riƙe iliminsa, ba ranar da za a yi amfani da shi yanzu. Bazazzagin ma ya daina tsokanata, sai gaisuwa.

Ba a daɗe ba lokacin sabunta zaman Baba ya zo, kafil ɗinsa, wato gidan maigidan da ya tsaya masa, bai sabunta ba. Aka ba shi hakkinsa cif, aka saya masa tikiti, aka yi masa godiya. Ranar tafiyarsa ina aikin rana, na roƙi shugabanmu ya bar ni in raka shi zuwa inda ake duba fasfo. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Jaka ɗaya gare shi da ƙullin dabino. Na tambaye shi wa zai tarbe shi a Kano, ya ce yaron. Baba ya faɗa masa ne hutu zai zo. Ya ce jiya da suka yi magana yaron har tambaya ya yi ko tare za su dawo.

Muka tsaya a bakin layin. Ya kama hannuna da hannu biyu, bai dube ni ba.

"Ɗana, alfarma guda za ka yi mani," ya ce. "In jirgi ya tashi, ka kira shi ka hwaɗa mashi. Ban iya kallon idonshi in hwaɗa. Ya sani kahin in sauka, ya gama kukanshi a hanya."

Na ce Baba wannan ai ba aikina ba ne. Ya ce ya sani. Ya saki hannuna ya shiga layi, ban ga ya waiwayo ba.

Na koma bakin aikina ina duban allon jirage har na ga nasu ya tashi. Da lokacin hutuna ya yi na fita ta ƙofar ma'aikata, na tsaya a inuwar bango. Daga nan ana hango tekun, ya cika har baki, yana ta walƙiya. Na ba shi baya. Na nemo lambar yaron da Baba ya ba ni, hoton ya fito, na daɗe ina kallonsa kafin in danna. Ko ƙara biyu ba ta yi ba aka ɗauka. Yaron ya ga lambar Qatar, bai ko tsaya mun gama gaisawa ba.

"Yaya, bizar ta fito ne?" ya ce.